Lefebvre, Fabre, Faure, Le Goff: Yadda Ake Bin Salsalar Sunan Dangi Na Faransa

Idan Bafaranshe ya ce maka sunansa Lefebvre, da Hausa cewa ya yi "Maƙeri". Idan ya ce Fabre, Maƙeri ne. Faure, Favre, Lefèvre, Le Goff, har Schmitt na bakin iyakar Jamus, duk daga bakin maƙera sunan ya fito. Shi ya sa na zaɓi wannan suna ya zama misalin da za mu bi a wannan jagora, domin duk tarkon da mai neman asalin sunan Faransa zai iya faɗawa yana cikinsa: suna ɗaya mai rubutu iri-iri, dubban gidaje da ba su haɗa jini ba, da rassa da suka tsallaka teku har sunan ya sauya kama.

Mu a ƙasar Hausa sunan yankan uba ake liƙa wa ɗa, idan an zo kan jika kuma a liƙa masa na nasa uban, ta haka sunan ke sauyawa kowane hawa. Wasu su ɗauki sunan gari, kamar Aminu Kano, Shehu Shagari ko Abubakar Tafawa Balewa. Faransawa ma haka suka fara, da laƙabi da sunan gari da sunan sana'a, amma tsakanin ƙarni na 12 da na 15 laƙabin ya daskare, ya zama gado daga uba zuwa ɗa. A 1794 doka ta ɗaure shi gaba ɗaya, ta ce babu wanda zai amsa wani suna ban da wanda ke cikin takardar haihuwarsa. Wannan daskarewa ce ta sa ake iya bin gida ɗaya shekara ɗari uku ko huɗu a takarda. Ita ce kuma ke yaudarar mutane su ɗauka duk mai sunansu ɗan'uwansu ne.

Mataki na farko: warware sunan

Kusan kowane sunan dangi na Faransa ya faɗa ɗaya daga gida huɗu. Akwai na sunan baftisma, irin su Martin, Bernard, Thomas da Robert, kuma Martin shi ne sunan da ya fi kowane yawa a ƙasar. Akwai na wurin zama: Dupont mutumin bakin gada, Dubois na gefen daji, Duval na kwari. Akwai na kama ko hali: Petit ƙarami, Legrand dogo, Leroux mai jan gashi. Sai na sana'a: Boulanger mai burodi, Meunier mai niƙa, da Maƙerinmu.

Tushen sunan kalmar Latin ce, faber, wato mai sarrafa ƙarfe ko wani abu mai tauri. Da Latin ya rarrabu zuwa harsunan yankuna, kowane yanki ya lanƙwasa kalmar yadda bakinsa ya iya. A arewa ta zama fèvre, aka sa mata le a gaba, wanda ke nuna takamaiman mutum, aka sami Lefèvre. A kudu, wajen Languedoc da Provence, ta zama Fabre. A tsakanin nan, daga Limousin zuwa Dauphiné, Faure. A Savoie da Lyon da ɓangaren Suwizalan mai jin Faransanci, Favre. Mutanen Bretagne da harshensu daban ne suna ce wa maƙeri gov, shi ne Le Goff. Alsace da ke jin Jamusanci ta ba da Schmitt. Ka duba mashahuran mutane ka gani: masanin ƙwari Jean-Henri Fabre an haife shi a Aveyron ta kudu a 1823, ɗan siyasa Jules Favre a Lyon a 1809, masanin tarihi Georges Lefebvre a Lille ta can arewa a 1874.

To ina harafin b na Lefebvre ya fito? Marubutan da suka san Latin ne suka cusa shi don tunawa da faber, kuma ba a furta shi. Lefebvre da Lefèvre a kunne abu ɗaya ne. Shi kuma Lefébure kuskuren karatu ne da ya zauna daram: a tsohon rubutu u da v harafi ɗaya ne, wani ya karanta v a matsayin u, aka tafi a haka. Wani abin sha'awa, kalmar fèvre kanta ta mutu a Faransancin yau da kullum, yanzu forgeron ake ce wa maƙeri, ba ta saura ba sai a cikin orfèvre, maƙerin zinariya. Wannan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa sunan ya girmi duk takardun da za ka karanta.

Don wasu sunayen, ƙamus biyu ne madogara: na Albert Dauzat na 1951 da na Marie-Thérèse Morlet na 1991. Ka karanta abin da suka ce, ka rubuta, ka wuce. Ma'anar suna ba ta ɗaukar fiye da yini ɗaya, kuma ba ita ce tarihin gidanku ba.

Mataki na biyu: a ina sunan ya yi yawa

Hukumar ƙididdiga ta Faransa, INSEE, ta fitar da jerin sunayen dangi bisa haihuwa daga 1891 zuwa 2000, gunduma bayan gunduma, kuma shafukan intanet da dama sun mai da shi taswira. Ka duba shekarun farko, kafin mutanen karkara su kwarara birane. Za ka ga Lefebvre ya cika gundumomin Nord, Pas-de-Calais, Somme da Seine-Maritime. Idan sunan da kake bi ba shi da yawa, taswirar na iya nuna maka gunduma ɗaya tak, ka ga aiki ya yi sauƙi. Idan irin Lefebvre ne ko Martin, ishara ce kawai ta ba ka. Janar ɗin Napoleon, François Joseph Lefebvre, a Rouffach ta Alsace aka haife shi a 1755. Masanin falsafa Henri Lefebvre a Hagetmau, can kudu maso yamma, a 1901. Shi kuwa masanin tarihi Jacques Le Goff, mai sunan Bretagne, a Toulon aka haife shi, bakin Bahar Rum. Mutane na tafiya, soja da ma'aikacin jirgin ƙasa da malamin makaranta duk suna kai sunansu inda babu shi a da.

Mataki na uku: fara daga gida, ka nemo sunan gari

Nan ne mafi yawan masu bincike ke tuntuɓe, don haka zan daɗe a kansa. Faransa ba ta da rumbu ɗaya na ƙasa da za ka buga suna ya fito maka da haihuwa da aure. Kowane abu a garin da ya faru aka rubuta shi, a ofishin magajin gari, wanda suke kira mairie, 'yan Nijar kuma su ce meri. Irin waɗannan garuruwa masu ofishin kansu, wato commune, sun kai kusan 35,000. Saboda haka "kakana Lefebvre ne daga Faransa" ba bayani ba ne, allura ce cikin ruwa. Abu uku kake buƙata game da mutum ɗaya tak wanda ka tabbatar naku ne: cikakken suna, shekara ko da ta kusa ce, da sunan gari. Ka haɗa da gundumar, domin garuruwan da sunansu ya fara da Saint-Martin kaɗai sun haura 200.

Ka zauna da tsofaffin gida kafin ka taɓa kwamfuta. Ka tambayi sunan yanka, sunan da ake kiransa da shi a gida, wace sana'a, wane soja, wace coci. Ka buɗe akwati da jakar takardu: fasfo, katin soja, wasiƙu da hatimin gidan waya, bayan hoto. Idan ka ci sa'a za ka sami livret de famille, ɗan littafin da ake ba ma'aurata ranar ɗaurin aure tun wajen 1877, inda ake rubuta auren da haihuwar kowane ɗa. Wanda ya sami wannan littafi ya sami hawa biyu ko uku a zaune.

Idan mutumin ya rasu daga 1970 zuwa yau, akwai gajeriyar hanya. INSEE ta saki jerin mamata na waɗannan shekaru kyauta, kuma kowane suna yana tafe da ranar haihuwa da garin haihuwa. Sau da yawa nan ake samun sunan garin da dangi suka manta.

Tun daga nan ka fara ba mutane lamba, kada ka bari sai sun yi yawa. Tsarin da kowa ke bi a Faransa, wanda ake kira Sosa, mai sauƙi ne: wanda ka fara da shi 1, ubansa 2, uwarsa 3. Uban kowane mutum ninkin lambarsa ne, uwarsa ninki da ɗaya. A gidan da kaka da uba da ɗa duk Jean-Baptiste Lefebvre suke, lambar ce kawai za ta hana ka aurar wa mutum da surukarsa.

Mataki na huɗu: takardun gwamnati, daga yau zuwa 1792

Ranar 20 ga Satumba 1792, ana tsakiyar juyin juya hali, aka karɓe rubuta haihuwa da aure da mutuwa daga hannun limaman coci aka miƙa wa magadan gari. Wannan shi ne état civil. Takardar haihuwa da ta aure suna buɗe wa kowa idan sun cika shekara 75, ta mutuwa kuwa kowa na iya nema ba tare da jira ba. Na ƙasa da shekara 75 sai kai ɗa ne ko jika, ka rubuta wa ofishin magajin garin da hujjar dangantaka, kuma ba a biyan ko sisi. Tsofaffin littattafai suna ma'adanar tarihi ta gunduma, archives départementales, kuma kusan kowace gunduma ta ɗauki hotonsu ta sa a intanet kyauta. Ka buga wannan suna tare da sunan gundumar, ka shiga sashen état civil, ka zaɓi gari.

Kada ka fara da buɗe littafin haihuwa shafi-shafi. Ka fara da tables décennales, jerin sunaye na shekara goma-goma da aka fara tun 1793, an jera su bisa haruffa, haihuwa daban, aure daban, mutuwa daban. Nan za ka ga sunan da ranar, sannan ka tafi littafin shekarar. Mai neman Lefebvre ya duba ƙarƙashin L, ya kuma duba F, don wasu magatakarda sun raba Le da Febvre.

Takardar haihuwa za ta ba ka sunan uba, shekarunsa, sana'arsa, da sunan uwa na gidan ubanta. Wannan wata ni'ima ce ta takardun Faransa: mace ba ta rasa sunan gidansu a takardar hukuma, ko ta yi aure sau uku. Ka kuma duba gefen shafin. Tun 1897 ake rubuta aure a gefen takardar haihuwa, tun 1945 kuma ake ƙara mutuwa, da rana da gari. Rubutu ne ƙanana, wani lokaci a karkace, amma yana iya kai ka garin da ba ka taɓa tunani ba.

Sarauniyar takardu ita ce ta aure. A cikinta akwai ranar haihuwa da garin ango da amarya, sunayen iyaye huɗu, ko suna raye ko sun rasu, sau da yawa har ranar rasuwar da wurinta, sai shaidu huɗu da dangantakarsu da ma'auratan. Takardar aure ɗaya tana buɗe maka hawa na gaba gaba ɗayansa. Tsarin aikin ke nan: haihuwar ɗa ta kai ka auren iyaye, auren iyaye ya kai ka haihuwarsu, haihuwarsu ta kai ka auren kakanni. Ba a tsallake hawa, ko da sunan ya yi daidai, ko da shekarun sun yi daidai. Idan ba ka ga auren a garin ango ba, kada ka yi mamaki, al'ada ita ce a ɗaura a garin amarya. Ka buɗe taswira ka bi ƙauyukan da ke kewaye, waɗanda mutum zai iya zuwa da ƙafa ya dawo a yini.

Daga ƙarshen 1793 zuwa ƙarshen 1805 za ka ci karo da kalandar juyin juya hali, mai watanni irin su vendémiaire, brumaire da fructidor, shekaru kuma ana ƙirga su daga 22 ga Satumba 1792. Dokar sunaye da na ambata a sama, a takarda ranarta 6 fructidor shekara ta II, wato 23 ga Agusta 1794. Akwai shafukan da ke juya maka ranar nan take. Abu ɗaya da ke ɓatar da mutane a wannan zango: daga ƙarshen 1798 zuwa tsakiyar 1800 ba a ɗaura aure a ƙauyuka ba, sai a babban garin yanki, chef-lieu de canton. Can za ka nema.

Mataki na biyar: littattafan coci

Ƙasa da 1792 kana hannun limaman coci. A 1539 Sarki François na I, a dokar Villers-Cotterêts, ya umarci a riƙa rubuta baftisma. Dokar Blois ta 1579 ta ƙara aure da jana'iza. A 1667 aka ce a riƙa yin kwafi biyu, aka sake jaddadawa a 1736, kuma daga nan ne littattafan suka zama abin dogaro a ko'ina. Akwai wanda ya riga dokar, kamar na garin Givry a Bourgogne da ya koma ƙarni na 14, amma wannan tsuntsu ne daga sama gasasshe. Mai bin gidan talakawa yakan kai tsakiyar ƙarni na 17, idan ɓera da ruwa da yaƙi sun bar littafin.

A nan babu jerin sunaye a mafi yawan lokuta, sai ka bi shafi bayan shafi. Kuma a nan ne za ka saki maganar "mu da b muke rubuta namu". Liman da kunne yake rubutu, mutanen da ke gabansa yawancinsu ba su iya sa hannu ba. Mutum ɗaya zai zama Lefebvre ranar baftismarsa, Le Febvre ranar aurensa, Lefeuvre ranar binne shi. Inda ake rubutu da Latin, kamar Alsace da Flandre da Savoie, kana iya ganinsa Faber ko Fabri. Malamin nan da ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Faransanci a 1530, Jacques Lefèvre d'Étaples, da Latin Faber Stapulensis yake sa hannu. Rubutun da gidanku ke alfahari da shi a yau, sau da yawa zaɓin wani magatakarda ne na ƙarni na 19.

Ba sai ka iya Faransanci sosai ba, domin jimlolin iri ɗaya ne ake maimaitawa. Ka haddace kaɗan: fils de ɗan wane, fille de 'yar wane, feu marigayi, veuve wadda mijinta ya rasu, parrain da marraine uba da uwar baftisma. Ka kula da watanni: 7bre Satumba ne ba Yuli ba, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre Disamba. Idan an ce ango mineur ne, ba yaro ba ne lallai, domin a wancan zamani namiji bai fita hannun iyaye a sha'anin aure ba sai ya kai 30, mace 25.

Kada ka raina iyayen baftisma. A ƙauyen da Lefebvre ya kai gida goma, su ne alƙalai. Yawanci kaka ne ko kawu ko gwaggo, kuma jaririn kan ɗauki sunansu. Idan ka tara 'ya'yan ma'aurata duka, ba naka kakan kaɗai ba, ka jera iyayen baftismarsu, za ka ga wane gidan Lefebvre ne ke zuwa sunan wane. Aiki ne mai cin lokaci, amma ban san wata hanya da ta fi shi raba gida da gida ba.

Wanda kakanninsa 'yan Furotesta ne zai sha wuya tsakanin 1685, da Sarki Louis na XIV ya soke dokar Nantes wadda ta ba su damar yin addininsu, da 1787 da aka sake ba su damar rajista. Yahudawa kuwa sai a 1808 Napoleon ya tilasta musu ɗaukar sunan dangi tsayayye, kuma littattafan da suka rubuta zaɓinsu suna nan a gundumomi da yawa.

Mataki na shida: sa wa ƙashi nama

Sunaye da ranaku ƙashi ne. Ƙidayar jama'a, wadda aka riƙa yi kusan duk shekara biyar daga 1836 zuwa 1936, tana nuna maka gida-gida, titi-titi, wa ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya, har da bara da ɗan koyo. Ta 1906 tana ba da shekarar haihuwa da garin haihuwa. Littafin soja, registre matricule, ya fi kowane daɗin karatu. Ka ƙara 20 a shekarar haihuwar namiji, ita ce shekarar ajinsa, ka nema a gundumar da yake zaune a lokacin. Za ka ga tsayinsa, launin idonsa, iya karatunsa, rundunarsa, raunin da ya ji, da duk adireshin da ya zauna bayan ya bar soja. Wanda ya mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaro yana da katinsa cikin fiye da miliyan 1.3, kuma sojojin Afirka da suka mutu wa Faransa suna ciki.

Sai takardun notaire, jami'in da ke rubuta yarjejeniya ya sa mata hatimi. Yarjejeniyar aure, wasiyya, sayar da gona, da lissafin kayan mamaci, inda ake ƙirga komai har tukunya da zanen gado. Idan littafin coci ya ɓace, waɗannan ne ke cike giɓi. Yawancinsu ba sa intanet, sai an je ko an aika.

A nan ne za ka sami amsar tambayar da ke ranka tun farko, ko kakanninka maƙera ne. Mai yiwuwa ka tarar da manomi, masaƙi, ɗan ƙwadago, ma'aikacin ramin kwal. Maƙerin da ya ba gidan suna ya rayu shekaru ɗari biyu ko uku kafin a buɗe littafin farko, kuma tunda kowane ƙauye da maƙerinsa, irinsa dubbai ne, ba su san juna ba.

Mataki na bakwai: inda zare ke tsinkewa

Idan gidan na birnin Paris ne, ka shirya. A watan Mayu 1871, lokacin tawayen mutanen birnin da ake kira Commune, gobara ta cinye kwafi biyun duka, na fadar magajin gari da na kotu, takardu kusan miliyan 8 na kafin 1860. An sake haɗa kusan kashi ɗaya cikin uku daga takardun da mutane suka kawo. Wannan asara ce ma ta haifar da littafin iyali da na ambata. Gundumar Manche ta rasa ma'adanarta a Saint-Lô a ruwan bama-baman 1944. Alsace da Moselle suna hannun Jamus daga 1871 zuwa 1918, takardun lokacin da Jamusanci suke, Jean ya koma Johann. Nice da Savoie sai 1860 suka shiga Faransa dindindin.

Akwai kuma inda sunan bai zo ta jini ba sam. Jaririn da aka tsinta a ƙofar asibiti, ma'aikaci ne ke ƙirƙira masa suna. Ɗan da uba bai amsa ba, sunan uwa yake ɗauka, sai ka ga layin Lefebvre ya bi ta mace. Bayan soke bauta a 1848, a Martinique da Guadeloupe da Guyane da Réunion jami'ai ne suka raba wa 'yantattu sunaye, aka rubuta a littattafai na musamman. A Aljeriya dokar 1882 ce ta ɗora wa Musulmi sunan dangi irin na Faransa.

Ga wanda ke Nijar ko Chadi ko Kamaru, wanda kakansa Bafaranshe ne da ya zo aikin mulkin mallaka, soja ko ɗan kasuwa a Damagaram ko Yamai, ƙofa uku ce. Takardun Faransawan da aka haifa ko suka yi aure ko suka mutu a ƙetare, na shekaru ɗari na baya-bayan nan, suna ofishin ma'aikatar harkokin waje da ke Nantes. Waɗanda suka girmi haka suna ma'adanar ƙasashen ƙetare, ANOM, a Aix-en-Provence, wadda ke riƙe da fayilolin ma'aikatan mulkin mallaka ma. Takardun babbar gwamnatin Afirka ta Yamma ta Faransa kuwa a Dakar aka bar su. Gaskiya mai ɗaci ita ce da yawa daga waɗannan maza ba su rubuta 'ya'yan da suka haifa da matan ƙasa ba. A irin wannan hali fayil ɗin aikin mutumin shi ne abin nema: yana nuna garin haihuwarsa a Faransa da inda aka tura shi kowace shekara, sai ka gwada da abin da tsofaffi suka faɗa.

Reshen da ya tafi Kanada ya fi kowane sauƙin bi, domin littattafan cocin Quebec sun tsira kusan duka tun ƙarni na 17, kuma Jami'ar Montréal ta tattara su a shirinta na PRDH. Sai dai ka kula da kalmar dit, "wanda ake ce wa", domin gida kan ɗauki laƙabi na biyu, jikoki su yar da na farko. Waɗanda suka gangara Amurka neman aikin masaƙa, wasunsu sun koma Bean, saboda an ji fève, wato wake, a cikin sunan. Maƙeri ya zama Wake. 'Yan Furotestan da suka gudu bayan 1685 sun kai sunayensu Ingila da Holan da Jamus da Afirka ta Kudu, inda Du Toit da De Villiers da Le Roux suka samo asali.

Mataki na takwas: abin da za ka ƙi saya

Shafukan intanet na tarihin dangi, Geneanet, Filae da FamilySearch, suna da amfani ƙwarai, musamman don gano garin da aure ya ɓuya. Amma bishiyar dangi da wani ya ɗora a can zance ne, ba hujja ba. Mutum ɗaya ya yi kuskure, ɗari su kwafa, sai ka ga kamar shaidu ɗari ne. Duk abin da ka ɗauka, ka koma littafin ka gani da idonka.

Masu sayar da "tambarin gidan Lefebvre" a faranti ko riga, ka wuce su. A Faransa tambari na gida ɗaya ne takamaimai, ba na suna ba. Ko babban kundin tambura na 1696 ma, Louis na XIV neman kuɗi ya sa ya buɗe shi, har an ɗora wa wasu tambarin da ba su nema ba don su biya. Haka de a gaban suna ba shaidar sarauta ba ce, sau da yawa "daga" kawai take nufi. Gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, na sha'awa kuma haramun ne a Faransa, tararsa Yuro 3,750, shi ya sa Faransawa ba su da yawa a rumbunan kamfanonin da ke yin gwajin, kuma mai neman dangi ta nan yakan tarar da 'yan Kanada da Amurka ne.

Duk takardar da ka samu, ka rubuta abu biyar a ƙarƙashinta: gunduma, gari, irin littafin, shekarunsa da lambarsa, da lambar hoton da ka gani a intanet. Ka ajiye hoton shafin gaba ɗaya, kada ka yanke gefe. Ka kwafe sunan yadda aka rubuta shi a ranar, ko da Lefeuvre ne, ka bar naka rubutun a wani layi daban. Ka kuma buɗe shafi guda na wuraren da ka duba ba ka sami komai ba, da shekarun da ka bi, domin bayan wata shida ba za ka tuna ko ka riga ka karanta littafin 1740 zuwa 1750 na ƙauyen da ke maƙwabtaka ba.